LAULAYIN CIKI MAI TSANANI: INA AIKI, INA ALBASHI?

Jawabin yau a kan mai ciki ne wadda laulayi ya kayar, ga aiki yana jiranta, ga tsoron rasa abin sawa a baki. Maganar ta mata ce, amma maza su kasa kunne da kyau, don rabin maganin yana hannunsu.

LAULAYI IRI BIYU NE

Kowa ya san laulayi. Cikin mata 10 masu ciki, wajen 7 suna jin tashin zuciya ko amai. Yakan fara wajen sati 5 ko 6 na ciki. Ya yi ƙarfi wajen sati 9. Ya lafa tsakanin sati 16 da sati 20. Mai irin wannan laulayi tana ci, tana sha, tana aikinta, ko da da ƙyar ne.

Akwai kuma laulayi mai tsanani. Shi wannan yana kama mace 1 zuwa 3 cikin 100. Ta ci ta amayar. Ta sha ruwa ta amayar. Warin mai, warin albasa, hayaƙin murhu, duk suna tayar mata da zuciya. Yawu ya cika mata baki. Dare da rana ba sauƙi. Wata ma har ta haihu bai sake ta ba. Wannan ciwo ne na sosai. In an yi sakaci da shi, jikin mace ya bushe, ƙodarta ta wahala, abin da ke cikinta ya fito ƙarami.

Me ke kawo shi? A shekarar 2023 masana sun bayyana abin da suka gano. Mabiyiya tana zuba wani sinadari cikin jinin uwa, sunansa GDF15. Shi ne ke taɓa wurin da ke sa amai a cikin ƙwaƙwalwa. Jikin wata yana jure shi, jikin wata ba ya jurewa. Shi ya sa ciwon yake bin dangi. Wadda uwarta ko yayarta ta yi shi, ta shirya. Wadda ta yi shi a cikin fari, yakan dawo mata a na biyu. Mai cikin tagwaye ma ya fi kama ta.

Ciwon bai san sarauta ba, bai san talauci ba. A shekarar 2012 an kwantar da matar Yarima Wiliyam na Ingila a asibiti saboda shi. Ita ba ta daka, ba ta jan guga. To, wa zai ce ƙiwuyar aiki ce ta kwantar da ita?

MISALIN ƳAN UWA BIYU

A ɗauki misalin mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Yayar tana birni, tana shara da guga a wani biro, ana biyanta albashi ƙarshen wata. Ƙanwar tana ƙauye, tana suyar ƙuli-ƙuli tana saida mai ranar kasuwa. Dukansu sun samu ciki, dukansu laulayi ya kayar.

Yayar ta ɓoye cikinta, don kunya da tsoron kora. Kullum ta je aiki tana jan ƙafa, ta ɓuya bayan ɗaki tana amai. Ranar da ta kasa tashi, sai ta zauna gida ba ta aika ba. Kwana 5 ba labarinta. Mai ba ta aiki ya rubuta cewa ta yi fashi ba dalili, ya yanke mata kuɗi.

Ita kuwa ƙanwar, warin gyaɗa soyayya shi ne babban abokin gabarta. Ta bar suya. Jari ya fara narkewa wajen sayen magani a kan tebur. Uwar mijinta tana cewa: "Ke ɗiyar nan, mu ma mun haihu, ba mu kwanta ba. Tashi ki daka." Ita kuwa ba ta iya cewa komi sai: "To, Inna."

Dukansu biyu abu ɗaya suka rasa. Ba su je likita da wuri ba, ba su kuma gaya wa wanda ya kamata ya sani ba. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ba ya ɓoye shi.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

A kai mai ciki likita a ranar, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ta yi kwana ɗaya cur, ko ruwa bai zauna mata a ciki ba.
2. Fitsarinta ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ko ta wuni ba ta yi ba.
3. Jiri yana ɗibarta in ta miƙe, zuciyarta tana bugawa da sauri.
4. Tana ramewa. Mace mai kilo 60, in ta rasa kilo 3, abin ya kai.
5. Akwai jini cikin aman.
6. Akwai zazzaɓi, ko ciwon mara, ko jini yana zuba.
7. Idonta ya yi rawaya, ko hankalinta ya fara rikicewa.

A tuna, zazzaɓin sauro ma yana sa amai, ciwon hanyar fitsari ma yana sa amai. Awo ne kaɗai ke rarrabe su da laulayi.

ABIN DA AKE YI A LIKITA

Za a auna nauyinta, a auna jininta da fitsarinta. In akwai hali a yi mata hoton ciki. Akwai maganin tsaida amai wanda ba ya cutar da jinjiri, majo ko ungozomar likita su suka san shi. In jiki ya bushe, a yi mata ƙarin ruwa. Wadda ta daɗe tana amai ana ba ta bitamin B1, don rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. In ƙwayar ƙarin jini tana daɗa mata tashin zuciya, ta gaya wa ungozoma, kada ta yanke shawara ita kaɗai.

Kada a sayi ƙwaya wajen masu talla. Kada a ɗura mata jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Watanni 3 na farko su ne lokacin da gaɓoɓin jinjiri ke haɗuwa. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa awon ciki kyauta ne a gidajen likitanta. Kada a jira ciki ya fito fili kafin a je awo.

ABIN DA AKE YI A GIDA

Ta ci kaɗan kaɗan, sau da yawa. Kada cikinta ya zauna wayam, kada kuma ya cika. Kafin ta tashi daga shimfiɗa da safe, ta ɗan tauna abu busasshe, kamar guntun burodi. Ruwa ta riƙa kurɓa, ba ta kwankwaɗa ba. Abinci mai sanyi ya fi mai zafi sauƙi, don bai cika tashin wari ba. Koko marar yaji, kunun tsamiya, lemun tsami da citta suna taimakon wasu. A rage mai da yaji. Wata ta karɓe ta girki, ita ta zauna nesa da murhu.

In amai ya yi yawa, a dama mata ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu a likita. In babu, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan na kan hanya ne, kafin a isa likita. In watan azumi ne, addini ya yi wa mai ciki marar lafiya sauƙi. A tambayi malamai.

MAI AIKIN ALBASHI, GA ABIN DA DOKA TA CE

Dokar aiki ta Nijar ta ranar 25 ga watan Satumba 2012 ta tanadi hutu iri biyu. A rarrabe su da kyau, don a nan mata da yawa ke ruɗewa.

Na farko shi ne konjen haihuwa. Sati 14 ne a jere, sati 6 kafin haihuwa, sati 8 bayanta. In likita ya shaida ciki ko haihuwa sun jawo ciwo, ana ƙara sati 3. A wannan lokaci ba a korar mace. Asusun ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, yana biyan rabin albashinta. Mai albashin jika 60 ta samu jika 30. Wadda ta cika shekara 2 a wurin aiki ɗaya, mai ba ta aiki yana cika sauran rabin. Amma sai in an rubuta sunanta a CNSS. Kowace ma'aikaciya ta bincika tun yanzu ko tana da lamba.

To, laulayi yana zuwa ne a wata na 2, na 3 da na 4. Konjen haihuwa bai zo ba tukuna. Saboda haka mai laulayi hutu na biyu take shiga, wato hutun rashin lafiya. Doka ta ce in likitan da hukuma ta yarda da shi ya shaida ciwo, gurbin ma'aikaci yana jiransa har wata 6. CNSS ba ya biyan kuɗin wannan hutu. Mai ba da aiki ne ke biya, na wani ƙayyadadden lokaci. Wadda ta daɗe a wurin aikin ta fi sabuwar shiga samun tsawon biya. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu tsari. Ciki kansa ba dalilin kora ba ne.

Duk wannan haƙƙi a kan takarda ɗaya yake tsaye, takardar likita. Da yayar nan ta birni ta aika da ita, da fashin kwana 5 ya zama hutun ciwo. Ga abin yi:

1. Ta karɓi takarda mai hatimi, mai kwanan wata da yawan kwanakin hutu.
2. Ta aika da ita wurin aiki a ranar ko washegari. Mijinta ko ƙanenta yana iya kaiwa.
3. Ta riƙe kwafi a gida, ko ta ɗauki hotonta da waya.
4. In kwanakin sun ƙare ba ta ji sauƙi ba, ta koma a sabunta kafin su cika.
5. In ta fara samun sauƙi, ta roƙi a sauya mata wuri. Ta ce: "Ranka ya daɗe, ga takardar likita. Warin maganin shara ke tayar mini da amai. A ba ni wani aikin har in ji dama." Ta nemi wurin zama, da izinin shan ruwa da ɗan cin abinci a kai a kai.
6. In an yanke mata kuɗi ko an yi maganar kora, ta sami wakilin ma'aikata ko ƴan sandika. In abin bai gyaru ba, ta tafi biron gwamnati mai sa ido kan aiki da ma'aikata na jiharta.

Kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a takardar da ba ta karanta ba. Wata takardar ta barin aiki ce. A nan amfanin karatu yake.

WADDA BA TA DA ALBASHI FA?

Yawancin matan karkara ba su da albashi, ba su da lamba a CNSS. Mai noman rani, mai dakau, mai fura, mai ƙuli-ƙuli, ranar da ba ta fita ba, ranar ba ta samu ba. Nata asusun shi ne jama'arta.

A shekarar 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗi kowane sati, suna ba juna bashi. Ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan asusu na taimako don ciwo da haihuwa. Ya kamata laulayi mai tsanani ya shiga lissafin wannan asusu. A ɗaga wa mai shi zubi, a jinkirta mata biyan bashi har ta tashi. Ƙanwar nan ta ƙauye tana iya ba maƙwabciyarta suya su raba riba, ko ta koma saida gyaɗa ɗanya har warin ya daina damunta. Da haka jari ba ya mutuwa. Gonarta kuma a yi mata gayya, kamar yadda ake yi wa kowane marar lafiya.

KIRA GA MAZA DA IYAYE

Maigida, kuɗin mota zuwa likita da kuɗin magani a wuyanka suke. Ka ware su tun ciki yana ƙarami. Ka kai gero inji. Ka samo wanda zai ɗebo ruwa da itace. Iyaye mata da kishiyoyi, jiki ba ɗaya ba ne. Wadda ta haihu 8 ba ta kwanta ba, ta gode wa Allah, ta tausaya wa wadda ta kwanta. Baƙar magana tana ƙara wa mai laulayi ciwo, wata har ta fid da rai da cikin. Masu ba da aiki kuma su sani, ciwon nan mai wucewa ne. Ma'aikaciyar da aka yi wa haƙuri wata 2 za ta dawo ta yi shekaru tana aiki.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Waɗanne alamu ne ke nuna laulayi ya wuce na gida?
2. Mene ne bambancin konjen haihuwa da hutun rashin lafiya?
3. A garinku, wa ke karɓar aikin mai ciki in ta kwanta?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah shi sauki masu ciki lafiya, shi raya abin da suka haifa. Amin.