Zawo da Ma'aikatan Cikin Hanji

Yau maganarmu a kan zawo ne, da abin da ke faruwa cikin hanji sa'ad da ya kama mutum.

Kun sha ji ana cewa ƙwayoyin cuta ke kawo zawo. Gaskiya ne. Amma ku sani ba kowace ƙwaya ce maƙiyiya ba. Cikin babban hanjin kowane mai lafiya akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu, dubban miliyoyi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aiki suke yi mana dare da rana.

Ga yadda aikin yake. In kun ci tuwon dawa, ko wake, ko miyar kuka, ko zogale, akwai dusa da zare-zaren ganye waɗanda ciki ba ya iya narkarwa. Su ne abincin waɗannan halittu. In sun ci, sai su fid da wani sinadari wanda bangon hanji ke ci ya yi ƙarfi. Kamar manomi da makiyayi ke nan bayan kaka: shanu su ci kara, gona ta sami taki. Har wa yau, wajen cin wannan abinci bangon hanji yakan shanye iskar da jini ke kawo masa, ba ya barinta ta shiga cikin hanji. Halittun kirki kuwa haka suke so, don iska kashe su take yi.

A shekarar 2010 likitoci sun gwada yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake irin namu, da yaran birnin Fulorans na Italiya. Suka tarar halittun hanjin yaran ƙauyen sun fi iri-iri, wannan sinadari kuma ya fi yawa a cikinsu. Ashe abincin gonarku ba abin renawa ba ne.

To, in mugun ruwa ko ƙazamin abinci ya shigo da cuta, hanji ya kumbura, sai bangon ya kasa cin abincinsa, iska ta tsiyaya ciki. Halittun kirki su ragu, miyagu masu jure iska su yi ta haihuwa, kumburi ya ƙaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da zawo ke yawan komo masa, hanjinsa ba ya tsotse abinci sosai, sai ya rame. Ramammen yaro kuwa shi zawo ya fi saurin kayarwa. Ta nan tamowa ke shigowa.

Saboda haka ku riƙe abu huɗu.

Na ɗaya, kada ku hana mai zawo abinci wai don ciki ya huta. Uwa ta ci gaba da ba da mama. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu, da kindirmo mai tsabta, da wake dafaffe lugub, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya kullum har mako 2.

Na biyu, ruwan gishiri da sukari. Ku karɓi ƙunshinsa a ɗakin shan magani, ku dama da tafasasshen ruwa gwargwadon da aka rubuta a jikinsa. In ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo.

Na uku, ƙwayar zinki. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Tana taimakon bangon hanji ya gyaru.

Na huɗu, kada ku sayi kafso a kasuwa don zawo. Kafso ba ya rarrabe maƙiyi da ma'aikaci, duka yake kashewa. Yawancin zawon yara ma ba ya jinsa. Malamin asibiti shi zai faɗi inda ya kamata a sha.

Amma in kun ga jini a bayan gida, watau atuni, ko ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yaro ya ƙi sha, ko zawo kamar ruwan shinkafa irin na kwalarar 2021, kada ku ce haƙori ne. Maza ku kai shi ɗakin shan magani, ko Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, kuna ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.

Tun 2022 kuma ana ɗiga wa jarirai rigakafin wani mugun zawo a baki, kyauta. Ku kai su. Ku wanke hannu da sabulu, ku rufe randa da masai.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako.