Ciwon da Dattijo Ke Ɓoyewa da Godiyar Wanda Ya Warke

Ya ku ƴan'uwa masu saurare a garin Gure da Kelle da Bune da Gidigir, da duk inda wannan murya ta kai, Allah Ya karɓi azuminmu.

An aiko da tambaya cewa a ƙasashen waje mutumin da ya tashi daga ciwon daji yakan fito ya yi gudu a kan hanya tare da jama'a, a tara kuɗi don marasa lafiya. Mai tambaya yana son ya san ko wannan ya halatta, ko kuwa riya ce da kwaikwayon Nasara. Kafin amsa, wajibi ne in yi magana a kan ciwon kansa, domin yana cikin sahunmu na gaba a masallaci, ƙarƙashin manyan riguna.

Allah Ya halicci wata ƴar tsoka a jikin namiji, ƙarƙashin mafitsara, girmanta kamar ƙaramin goro, ta kewaye hanyar fitsari. Likitoci suna kiranta furostat. Idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanyar. Sai dattijo ya riƙa tashi sau huɗu ko biyar a dare, ya tsuguna ya daɗe, fitsarin ya zo siriri, ya miƙe yana jin bai gama ba. Mafi yawan wannan kumburin tsufa ne kawai, kuma yana da magani. Amma a cikin tsokar nan ciwon daji yakan tsiro, wanda ake kira sankara, kuma sharrinsa shi ne a farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama. In an bar shi sai ya tafi ƙashi, mutum ya kama kukan ƙugu da gadon baya, a ce sanyi ne, a ce sammu ne. Masana sun tabbatar ya fi kama baƙar fata: a Ingila sun ƙidaya cewa namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da shi, amma a cikin baƙaƙe ɗaya cikin huɗu. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi shi, nasa haɗarin ya fi.

Abin da ke hana dattijo zuwa likita mun san shi: kunya. Kunya tana daga imani, amma ku dubi yadda sahabbai suka fahimce ta. Sayyidina Aliyu ya kasance mai yawan fitar maziyyi, ya ji nauyin tambayar Manzon Allah saboda yana auren ƴarsa. Bai yi shiru ya zauna da jahilci ba, sai ya aiki Miƙdadu ɗan Aswadu ya tambayo masa, Buhari da Muslim suka ruwaito, ga shi har yau muna karantar hukuncin. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansaru a kan kunya ba ta hana su neman sanin addini. Idan ba ka iya faɗa wa ɗanka, ka faɗa wa amininka ya raka ka. Malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura, babu saɓani mai ƙarfi a nan.

Wasu kuma suna cewa tawakkali. Larabawan ƙauye sun tambayi Manzon Allah ko su yi magani, ya umarce su da su yi, ya sanar da su cewa Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata magani, banda tsufa. Annabi Ayuba ma, da Allah Ya nufi warkar da shi, sai da Ya umarce shi ya bugi ƙasa da ƙafa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Allah ba Ya bukatar ƙafar Ayuba, amma Ya koya mana riƙon sababi.

Ga hukunce-hukunce, domin na san akwai masu barin jam'i saboda ɗigon fitsari. A mazhabar Imamu Malik, wanda yoyon fitsari ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta warwarewa da shi. An so dai ya sabunta ta ga kowace salla idan babu wahala, kamar yadda mai Risala ya ambata. Ɗaukar jini kaɗan don gwaji ba ya karya azumi, kuma gwajin farko na wannan ciwo, wanda suke kira PSA, jini ne kawai daga hannu. Robar da ake sa wa wanda fitsarinsa ya toshe ita ma ba ta karya shi. Wanda likita ya ce masa ya sha ruwa da magani da rana, ya sha, ya rama in ya samu sauƙi. Wanda fitsari ya tsaya masa cik kuwa, kada a jira shan ruwa, a ɗauke shi nan take.

Ba talaka kaɗai ke ɓoyewa ba. Faransuwa Mitteran, shugaban Faransa, an gano masa wannan ciwo a 1981, shekarar da ya hau mulki, aka ɓoye wa mutanensa har 1992, ya rasu a 1996. Nelson Mandela kuwa an bayyana nasa a 2001, aka yi masa magani mako bakwai, ya rayu har 2013, ya kai shekara 95. Wole Soyinka, marubucin Najeriya, ya tara ƴan jarida a 2014 ya faɗi da bakinsa cewa ya yi ciwon kuma an yi masa magani, domin maza su daina tsoro. Waɗannan ba malamanmu ba ne a addini, amma hikima ɓataccen kayan mumini ce.

To, mu koma ga gudu. Mafi shahara a wannan al'ada wani saurayi ne ɗan Kanada, Teri Foks, wanda aka yanke masa ƙafa saboda sankarar ƙashi. A 1980 ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373, yana tara taimako, ya rasu a shekara mai bi masa, kuma har yanzu ana yin gudun kowace shekara da sunansa. Dattawan da suka warke daga sankarar furostat su ma sukan fito haka, musamman a watan Nuwamba da aka keɓe don faɗakar da maza.

Tsere da ƙafa halal ne. Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Salamatu ɗan Akwa'u ya yi tsere da wani Ba'ansare a hanyar komawa Madina da izininsa. Shehu Halilu ya ce sanya lada a tsere ya keɓanta ga dawaki da raƙuma da harbi, saura kuwa ya halatta in babu ajiya. Saboda haka in kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, kuɗin duka suka tafi ga majinyata, ba wanda ya ci na wani, babu caca. Sharuɗɗan su ne a rufe al'aura daga cibiya zuwa gwiwa, kada maza da mata su cakuɗa, kada a tozarta salla, kuma kada a yi shi da tsakar rana cikin azumi, wannan ganganci ne.

Batun riya kuwa yana zuciya. Allah Ya yabi bayyana sadaka a Suratul Baƙara, ko da yake Ya fifita ɓoye ta, malamai suka ce bayyanawa ta fi in za a yi koyi. Ni a ganina, dattijon da ya warke ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da ya same ni, ga inda na je, ga ni da ƙafafuna, ya fi wa'azina na wata guda amfani ga mai ɓoyewa. Ba ƙorafi ga Ubangiji yake yi ba, faɗin ni'ima yake.

Kuma mu mutanen Muniyo mun fi kowa bukatar wannan tarin. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram ya fi kilomita 150. Na'urar gasa sankara da haske tana Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da wannan ciwo, an buɗe ta a 2021, kuma daga Damagaram akwai kusan kilomita 900 kuma. Kuɗin mota na majinyaci da ɗan jinya, da masauki, da abinci, su ne ke mayar da mutum gida ya kwanta bayan ya sayar da tumakinsa. Majinyaci matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Masu fitar da ita a wannan wata su tuna.

Ina roƙon kwamitocin masallatanmu su zauna bayan Salla su buɗe asusu, da amintattu uku masu rubuta shiga da fita. Idan sanyi ya shigo, samari su yi gudunsu da safe, dattawa mu bi su da tafiya da sandunanmu. Duk wanda ya haura 50, ko 45 in ciwon yana gidansu, ya je asibitin Gure ya tambayi hanyar gwajin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga babin i'itikafi.