Keke Ya Dawo Ƙofar Makaranta



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu muka jingine babur, muka kaɗe wa keke ƙura. Babu abin kunya a ciki; malaman da suka koyar da mu ma a kan Raleigh suke zuwa makaranta. Sai dai su ba su yi gogayya da tirela da ɗan acaɓa a kan kwalta kamar mu ba.

Waɗanda suka fi tayar mana da hankali su ne 'yan aji biyar da shida. Yaro zai hau keken mahaifinsa, ƙafa da kyar take kai wa feda, ya goyo ƙanensa, sannan ya kama hannun hagu yana fuskantar motoci, wai don ya ga abin da ke tahowa. Wannan ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce. Mai keke direba ne, hannun dama zai bi, yadda ƙasar nan take tuƙi tun 1972. Mai mota da zai fito daga layi, inda ya saba ganin abin hawa nan yake dubawa. Haka nan mu hana yara raɓar gefen tirela a mahaɗa, domin akwai wurin da madubin direba ba ya nunawa.

Muna roƙon reshe ya gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura zuwa taron safe a makarantunmu, kuma malamin da ke aikin mako ya riƙa gwada birkin kowane keke a bakin ƙofa kafin a sallami yara.