Me ya hana a samu allurar rigakahin sammore?
(Jawabi ga makiyaya kahin tahiya mashekari)

 

Kowace shekara kuna yi mana tambaya guda: an yi allurar bushiya har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, ana yin ta ciwon huhu, to sammore hwa? Yau zan amsa, tunda da yawanku za su gangara wajen Gaya, Binin da Najeriya, inda tsando yake.

Sammore ƙwayar cuta ce mai rai, tana iyo cikin jini, ba a ganinta sai da madubin likita. Tsando ke ɗaukarta. Wani irin nata bobuwa ma tana ɗauka, shi ya sa raƙuma ke kamuwa nesa da kurmi.

Ƙwayar tana sanye da riga. Jikin saniya ya gane rigar, ya kashe mahi yawansu, zazzaɓi ya sauka, ka ce ta warke. Ashe kaɗan sun canza riga, sai su sake yaɗuwa. Irin da ake kira brusei yana da tsarin riguna wajen 2000 rubuce cikin gadonsa, amma guda tak yake sanyawa a lokaci ɗaya. To wace riga za a yi wa allura? Matsalar ke nan.

Mu dubi yadda take tahiyar da gadon nata. Gadon kamar babban littahi ne. Ana kwahe shi zuwa saƙonni masu suna RNA, saƙonnin su sa a ƙera naman jikin ƙwayar. Akwai kuma wasu ƙananan RNA da ba su ƙera komi, aikinsu kula da sauran saƙonni. Ɗaya yana liƙa wa kowane saƙo hula mai harahi 39, in babu ita saƙon ba ya aiki. Wasu, da aka gano a 1990, suna gyara kuskuren rubutun saƙo. A 2022 masu bincike a Lisbon sun nuna wani da ke taimaka wa ƙwayar ta daina haihuwa, ta shirya shiga cikin tsando.

Ina ruwan makiyayi da wannan? A 2019 masu bincike na cibiyar Roslin a Edinbara sun iske wani guntun RNA na ƙwayar da yawa cikin jinin shanu masu ciwo. Ana samunsa ko lokacin da madubi bai ga komi ba, yana nuna irin ƙwayar, kuma in magani ya ci sai ya ɓace. Ke nan zai iya bambanta saniyar da ta warke da wadda ciwon ya laɓe mata. Awo ne na ɗakin bincike, ba na rugga ba.

Abin da ke hannunmu shi ne magani, kuma ƙwayar ta fara jure masa a wurare da dama na Afirka. Don haka:

Ƙunshin Berenil na giram 2,36 na bisa mai kilo 300 ne. Kada a raba shi ga manyan shanu biyu don tsimi. Rabin magani yana kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai.

Samorin kariya ce ta wata 2 zuwa 4. A yi shi kahin shiga ƙasar tsando.

Ku sayi magani wurin likitan dabbobi, ku bar na tebur da rana ta gasa.

Saniyar da ta rame, gashi ya tashi, ido yana hawaye, kaluluwa ta kumbura, a kawo ta a ɗebi jini. Zazzaɓi ya sauka ba warkewa ba ne. Ku sa mata ido makonni bayan allura, in ta koma ku faɗa mana.

Allah shi kai ku lahiya, shi maido ku da garke cikakke. Mai tambaya, bismilla.