Jawabi Kan Kuɗin Magani da Saɓa Ranar Asibiti a Gundumar Tsanyawa

Ya kamata hakimai da malamansu su lura, da damina, sa'ad da noma ya kankama, talakawa sukan saɓa ranar da malamin asibiti ya yanka musu. Waɗansu gona ke riƙe su, waɗansu kuwa tsoron biya.

To, allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitocin gwamnati: ran haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da 15. Maganin tarin fuka ma kyauta ne, amma sai an sha shi wata 6 cur. Wanda ya yanke, ciwon yakan komo masa, ya ƙi jin magani, har ya kama iyalinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana a kori mai ciwon gaggawa, ko da ba shi da ko anini. Abin da ake biya kuwa, lalle a karɓi rasit.

Saboda haka dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela a kasuwanni da masallatai. Wanda ya saɓa rana, a bi shi gida da lallashi, gama tsawa ba ta kawo majiyyaci asibiti.