Jumma'ar Kano da Amanar Zango: Laccar da aka gabatar a Nima, Ankara



Ran Jumma'a, 28 ga Nuwamba, 2014 bisa miladiyya, shekarar 1436 bisa hijira tana sabuwa, a daidai lokacin da jama'a suka daidaita sahu a Babban Masallacin Kano, wanda yake jingine da gidan Sarki, sai bama-bamai suka tashi a tsakanin masallata, sa'an nan 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan waɗanda suka nemi kuɓuta, har aka rasa rayuka fiye da 100. An ɗora alhakin wannan ta'asa a kan Boko Haram, kuma 'yan kwanaki kafin ta auku Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi kira ga jama'a da su tashi su tsare kansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka yi shahada.

Kada wani ya ce Kano ta yi nisa. Ita ce garin da kakannin da yawa daga cikinmu suka baro da fataucin goro, kuma fitinar ta matso: ta kai Grand-Bassam a Kwaddibuwa a Maris na 2016, ta kashe sojojin Togo a arewacin ƙasarsu a Mayu na 2022, ta mamaye yankuna masu yawa na Burkina Faso, wadda ke iyaka da Bawku da Paga. Tun a 2013 ma Ghana ta ɗanɗana ɗacinta, ranar da aka kashe Farfesa Kofi Awoonor a harin Westgate na Nairobi.

Hukumar Ghana ta yi nata ƙoƙarin, ta haɗa kai da maƙwabta a yarjejeniyar Ankara ta 2017, kuma a 2022 ta roƙi kowa ya sanar da ita in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Amma a ganina, soja da ɗan sanda ba su isa ba, domin wanda ya ɗaura bam a jikinsa, tun kafin ya ɗaura an riga an lalata masa aƙida, an koya masa kafirta Musulmi da halatta jininsu, kuma wannan cuta malami ne yake gane ta tun tana ƙarama. Shi ya sa masu wannan ra'ayi suke far wa malamai: Shaihu Ja'afar Mahmud Adam an harbe shi yana limancin Asuba a Kano a 2007, Shaihu Albani Zariya kuma an kashe shi a 2014, dukkansu sun yi raddi ga wannan ɓata a fili. Yau kuwa wa'azin ɓarna ta wayar hannu yake shiga ɗakin yaro, iyaye suna tsakar gida ba su sani ba.

Muna da wani gado da bai kamata mu yi sakaci da shi ba. A tsarin Zango na dā, baƙo ba ya kwana sai a hannun mai masauki, wanda ya san garinsu da sana'arsa, ya kuma gabatar da shi ga Sarkin Zango. Karamci ne, kuma tsaro ne. Sai mu raya shi, ba tare da mun wulaƙanta ɗan gudun hijira ko Bafillacen da tsoro ya koro ba, domin zaluntarsa haramun ne, kuma zalunci ne yake tara wa maɓarnata mabiya.

Ga hukuma kuma ina da magana. Mutum ba ya kai rahoto wurin wanda yake yi masa kallon mai laifi. In ana son samarin Nima su yi magana, a daina kamen kan mai uwa da wabi, a rufa asirin mai ba da labari, a samar musu da sana'a, a kuma zauna da limamai a ƙarƙashin jagorancin Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, tun kafin wata musiba ta tilasta zaman.