Tsaron Lafiyar Ma'aikaci Wajen Gyaran Tukunyar Ruwan Zafi

Jawabin wayar da kai ga masu aikin famfo da masu aikin lantarki



Makasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin ma'aikata ga haɗarurrukan da ke tattare da gyaran tukunyar ɗumama ruwa, wadda aka fi sani da hita, a wurin da aka kafa ta, watau a gidaje da otal-otal da asibitoci da makarantun kwana. Aikin da ake yi a shago yana da sauƙi, domin mai shago ya san kowace waya da kowane makunni na wurinsa. Amma wanda aka kira shi gyara a gidan wani, ko a Ikko ne, ko Ibadan, ko Fatakwal, baƙo ne a wurin. Bai san wanda ya ja wayar gidan ba, bai kuwa san irin dabarun da wani mai gyara ya yi wa tukunyar kafin zuwansa ba. Saboda haka tilas ne ya ɗauki kome na gidan da zato har sai ya gwada da kansa.

Abubuwa biyar ne suka haɗu a jikin wannan tukunya, kowannensu kuwa yana iya raunata mutum ko ya hallaka shi. Su ne wutar lantarki, da zafin ruwa, da matsin da ke cikin tukunya, da nauyinta a can bisa bango, da kuma iskar gas ga tukwanen da ke aiki da gas.

Kafin a Buɗe Akwatin Kayan Aiki

Ma'aikaci na ƙwarai yakan fara da tambaya. Ya tambayi mai gida abin da tukunyar ke yi, da lokacin da ta fara, da ko wani ya taɓa kwance ta. Daga nan ya karanta takardar da ke liƙe a jikinta, inda aka rubuta yawan ruwan da take ci da ƙarfin wutar da take ja da iyakar matsin da take iya ɗauka. Sa'an nan ya dubi wurin aikin: ko daɓen a jiƙe yake, ko akwai isasshen haske, ko tsani zai zaunu sosai. A share ruwan da ke ƙasa, a fitar da yara daga ɗakin, a kuma gaya wa mutanen gida cewa kada kowa ya taɓa makunni ko janareto sai an gama.

Wutar Lantarki

Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya tana da ƙarfin kimanin bolt 230. Tukunya mai wat 3,000 tana jan wajen amfiya 13, alhali kuwa kashi 50 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ya isa ya rikita bugun zuciyar mutum idan ya bi ta ƙirjinsa. Watau abin da ke gudana a wayar tukunya ya ninka abin da ke iya kisa fiye da sau 250. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta tarewa sai kaɗan, ga shi kuma yawancin tukwanen nan a ɗakin wanka ake rataye su.

Babban tarkon da ke kama ma'aikata a ƙasar nan shi ne ɗaukewar wuta. Mutum ya zo ya tarar babu wuta a unguwa, sai ya sa hannu cikin waya yana ganin ya tsira. Ba a sanar da kowa lokacin da za a dawo da ita. Haka kuma maigadi yana iya tayar da janareto, ko kuwa gidan yana da batura da na'urar da ke ba da wuta da kanta da zarar ta gari ta ɗauke. Ɗaukewar wuta ba kashe wuta ba ce.

Ga tsarin da ya wajaba a bi. A kashe makunnin tukunya, a je akwatin rarraba wuta a kashe wanda ke ba ta wuta. Idan fis ne, ma'aikaci ya zare shi ya sa a aljihunsa. Idan akwatin yana kulluwa, ya sa masa kwaɗo ya riƙe mabuɗin, ya rataya takarda mai cewa ana aiki, kada a kunna. Bayan haka ya gwada wayoyin tukunya da mita. Ya fara gwada mitar a wurin da ya tabbata akwai wuta, ko da na'urar gwajinta, domin ya san tana aiki, sa'an nan ya gwada kowace waya da 'yar'uwarta da kuma wayar ƙasa, ya koma ya sāke gwada mitar. Ƙaramar testa mai kama da sukudireba ba abin dogara ba ce ita kaɗai, domin haskenta yakan ɓace wa ido da rana, takan kuma mutu ba a sani ba.

Launin waya ma ba hujja ba ne. A tsofaffin gidaje wayar da ke ɗauke da wuta ja ce, abokiyarta baƙa, ta ƙasa koriya. A sabon tsari mai wuta ruwan ƙasa ce, abokiyarta shuɗiya, ta ƙasa kuwa koriya da rawaya. Ana samun duka biyun a gida ɗaya, ana kuma samun gidan da aka ja wayarsa da duk abin da ya zo hannu. Wayar ƙasa ita ce ke kwashe wuta idan ƙarfen ɗumama ruwa ya fashe wuta ta kama jikin tukunya. Duk tukunyar da ba ta da ita tarko ce ga mai wanka. Ya kyautu kuma a shawarci mai gida ya sa na'urar nan da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa, mai aiki a kan kashi 30 cikin 1,000 na amfiya.

Zafi da Matsi

Ruwan da ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyas yana ƙona fatar babban mutum ƙuna mai zurfi cikin daƙiƙa biyar ko kusa da haka, fatar yaro da ta tsoho kuwa ba ta kai wannan jimiri ba. Don haka, bayan an kashe wuta, a buɗe famfon ruwan zafi ya yi ta zuba har ya huce. Sai a rufe ruwan sanyi da ke shiga tukunya, a bar famfon zafi a buɗe domin matsi ya sauka iska kuma ta shiga, a ɗaura tiyo a juye ruwan zuwa magudana. Ba a kwance ƙarfen ɗumama ruwa sai an tabbata tukunya ta zama wofi. Idan gida ya yi mako biyu ko fiye ba a buɗe ruwan zafi ba, wata iska mai kama wuta tana iya taruwa a cikin tukunya, saboda haka kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da famfo sa'ad da ake buɗe shi.

Abubuwa uku ne ke tsare tukunya daga fashewa. Na farko shi ne na'urar ƙayyade zafi, wadda ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka sa. Na biyu shi ne mayankin gaggawa, wanda ke aiki idan ta farko ta gaza. Na uku shi ne bawul ɗin tsaro, mai buɗewa ya zubar da ruwa idan matsi ya yi yawa. Idan aka kashe waɗannan ukun, ruwa yakan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, domin matsi ya danne shi. Ran da ƙarfe ya tsage, sai wani kashi na ruwan ya juye tururi cikin ƙiftawar ido, lita ɗaya ta ruwa kuwa tana ba da tururi fiye da lita 1,600. Wannan ƙarfi ya isa ya rushe bango.

Abin ya taɓa faruwa. Ran 19 ga Janairu, 1982, wata tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas ta fashe a ɗakin girkin wata makarantar firamare a garin Spencer, cikin Jihar Oklahoma ta Amurka, ana tsakiyar cin abincin rana. 'Yan makaranta shida da malama ɗaya suka rasu, fiye da mutum 30 suka ji rauni. Da safiyar ranar aka yi wa tukunyar gyara, bincike kuma ya nuna cewa an cire wa bawul ɗin tsaronta sashen da ke jin zafi.

Darasin a fili yake. Idan bawul yana ɗiga, a nemi dalili: ko matsin ruwan gida ne ya yi yawa, ko datti ya shiga bakinsa, ko ya tsufa. A wanke shi, ko a musanya shi da sabo mai lamba daidai da ta tsohon. Toshe bakinsa da noti domin mai gida ya daina ganin ɗigo laifi ne babba. Haka nan idan mayankin gaggawa yana yawan yankewa, alama ce cewa na'urar ƙayyade zafi ta lalace, sai a sāke ta. Wanda ya haɗe wayoyi ya tsallake mayankin ya bar wa mutanen gida abin da zai iya kashe su suna barci. Idan mai gida ya ce ba shi da kuɗin sabon bawul, a bar tukunyar a kashe a gaya masa dalili. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Nauyi da Tsani

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tukunya mai cin lita 80 tana ɗauke da kilo 80 na ruwa, ban da nauyin ƙarfenta da na farar ƙasar da ta daskare a cikinta, musamman inda ake shan ruwan rijiyar burtsatse. Ba a sauke ta sai an juye ta, ba kuma mutum ɗaya ke saukewa ba. A duba ƙusoshin da ke riƙe da ita, domin a garuruwan bakin teku laima takan cinye su da tsatsa. Ba a hawa bakin bahon wanka, ko masai, ko bokiti a kife. Tsanin da ake jinginawa a nisanta gindinsa daga bango da mita ɗaya ga kowace mita huɗu ta tsawo, wani kuma ya riƙe shi. Idan tukunyar tana cikin silin, a taka katakon rufi kaɗai, domin allon silin ba ya ɗaukar mutum.

Tukwane Masu Aiki da Gas

A rufe gas daga tulunsa kafin a kwance kome. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa idan ya zurara, sai a buɗe ƙofa da taga. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar take. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma rawaya yana baƙin hayaƙi, gas ba ya ƙonewa sosai, yana kuma fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko. Irin wannan tukunya tana bukatar bututun fitar da hayaƙi da mashigar iska.

Mayar da Tukunya Bakin Aiki

Ruwa ake fara mayarwa, wuta daga baya. A buɗe ruwan sanyi, a bar famfon zafi a buɗe har ruwa ya fito sosai babu tsartuwar iska. Ƙarfen da aka kunna babu ruwa yakan ƙone nan da nan. A duba yoyo, a ɗaure wayoyi tamau, a mayar da murfi, sa'an nan a kunna. Ma'aikaci ya jira har ya ga na'urar ƙayyade zafi ta yanke wuta da kanta. A sa ta a kan digiri 60, domin ƙwayar cutar huhu da ake kira Lijiyonela tana hayayyafa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45. A gargaɗi mutanen gida su riƙa sirka ruwa kafin wanka.

Idan Haɗari Ya Auku

Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen itace. Idan ba ya numfashi, a aika a nemi taimako ta lambar gaggawa 112, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwan famfo mai sanyi har minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a sa bawul ɗin tsaro da ma'aunin matsi a tukwanen tururi na masana'antu, a kuma riƙa bincikarsu lokaci-lokaci. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan gudummawa ga asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Ma'aikacin da ya ji rauni zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu aikin jan waya takardar shaidar ƙwarewa.

Sai dai babu sufeton da ke tsaye a ɗakin wankan kowane gida. A nan amana tana wuyan mai sana'a, musamman game da yaran da iyayensu suka danƙa masa. Kada a tura ɗan koyo shi kaɗai ga aikin da bai ƙware ba, a kuma ba shi takalmi mai tafin roba, da safar hannu, da kayan aiki masu rufaffen mariƙi. Abin da yaro ya ga maigidansa yana yi, shi zai yi ran da ya buɗe nasa shagon. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye ma'aikata, ya sa albarka a sana'arsu.